Fitowar jimbaz ta minti uku: a yanka ko a bar tsallen ya tafi a ɗauka ɗaya?

Ɗan Fim:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen su Yaya Mai Kyamara da Malam Koci in suna kusa. An ba mu aikin ƙarshen zango a makaranta, kowane rukuni zai haɗa fitowar fim ɗaya ta minti uku, ba magana ko ɗaya a ciki, hoto da sauti kawai, kuma dole a ga mutum yana yin wani abu da jikinsa wanda ya ƙware a kai. Wasu sun ɗauki mai gasa burodin tamis, wasu masunta, mu kuma muka ce jimbaz, wato wasan tsalle-tsalle da alkafura, saboda ƙanena ɗan shekara 13 yana zuwa wata sala, wato zauren horo, nan Jidda kuma kocinsu ya ce ba matsala. Abin da ke kaina shi ne yaro ya shigo, ya yi tsallen teburi, mu sa sulo moshin, wato hoto mai tafiya a hankali, da kiɗa mai tashi, mu yayyanka shot, wato guntayen ɗauka, da yawa da sauri yadda abin zai ba da wuta. Mu huɗu ne, kyamara biyu, ɗaya ta makaranta ɗaya aro, kuma yamma ɗaya tak aka ba mu salar, daga bayan la'asar zuwa isha. Me kuka gani?

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya taimaka. Uban yaron ya sani?

Ɗan Fim:
Ya sani Kawu, shi ma zai zo kallo insha Allah.

Yaya Mai Kyamara:
Wslm ƙanena. Kafin a je ga labari bari in fara da abin da zai iya kashe maka aikin gaba ɗaya tun ba ka fara ba, wato wutar salar. Kyamarar aron nan daga ina ta fito? In daga Kano ko Khartum aka zo da ita to ka duba saitinta yau ɗin nan, domin wutar lantarkin Najeriya da ta Sudan zagaye 50 take yi a sakan, ta nan Saudiyya kuma 60, kyamarar da aka saita a kan tsarin can za ta ba ka firem, wato hotuna a kowane sakan, 25 da 50 da 100, kana ɗauka a ƙarƙashin fitilun sala sai ka ga hoto yana ƙifta ido ko layuka suna gangarowa a bango, kuma a ƙaramin gilashin kyamara ba lallai ka lura ba sai ka koma gida ka buɗe a kwamfuta, a lokacin kuwa sala ta rufe. Ka mayar da ita tsarin 24, 30, 60, 120. Mu masu ɗaukar biki a istiraha, wato gidajen haya na shagali, kullum da wannan muke fama.

Na biyu, sulo moshin ɗin da kake so yana cin haske sosai. In ka ɗauka a 120 ka mayar 24 zai yi sanyi sau biyar, amma shota ɗinka, wato lokacin da kyamara take buɗe wa haske, zai tashi daga wajen 1/48 na sakan ya koma 1/240, kenan hasken da ke shiga kowane firem ya ragu sau biyar shi ma. Salolin nan fitilarsu ta ishi ido amma ba ta ishi kyamara ba. Ka je tun kafin ranar da kyamarorin duka biyu ka ɗauki bango kawai da katifu na minti ɗaya-ɗaya a 24 da 60 da 120 ka gani da idonka.

Ɗan Fim:
Wallahi ta Kano ce Yaya, yanzu na tambayi mai ita. Na gode sosai. To in haske ya yi kaɗan ba sai mu ari fitila biyu mu kafa a gaban teburin ba?

Malam Koci:
A'a. Nan kam ban yarda ba, kuma na san kocinsu ma ba zai yarda ba in ya gani. Ba a haska wa mai tsalle fitila a fuska, ko filashin waya hana shi ake yi a wajen gasa. Bari in ba ka yadda abin yake don ka tsara aikinka a kansa. Hanyar gudu ba ta wuce mita 25, a ƙarshenta akwai allon tsalle mai sifirin, sai teburin, na manya maza tsayinsa santimita 135, na mata 125, yara kuma ana sassauto musu gwargwadon matakinsu. Yaron nan yana da alamarsa a jikin awon da ke gefen hanya, ya san daga ina zai tashi, ya san da wace ƙafa zai fara da wadda zai tashi da ita ya faɗa allo, idonsa kuma a kan allo da teburi yake tun daga farko. Duk abin da ya canza masa a gaban ido, fitila ce, mutum ne ya gitta, ƙafar kyamara ce a wurin da bai saba gani ba, yana iya sa takunsa ya ɓace, in taku ya ɓace hannu ba zai sauka daidai a teburi ba, kuma kan mutum ƙasa yake kallo a wannan lokacin.

Kar kuma ku matsar da komai don hoto ya yi kyau. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000 an saita wa mata dokin tsalle ƙasa da yadda ya kamata da santimita 5 kacal, manyan 'yan wasan duniya suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya kafin a gano a gyara. Santimita biyar fa, faɗin yatsu uku. Saboda haka allo da teburi da katifa ba naku ba ne, ko da ɗan yatsa kar a taɓa.

Edita:
Slm, ni ne abokin aikinsa, ni zan tace. Malam mun ji batun fitila, an bar shi. Amma ni damuwata daban ce, tsallen nan gaba ɗayansa daga gudu zuwa dira bai kai sakan goma ba, mu kuma sakan 180 ake nema a wajenmu. In ba mu sa shi ya maimaita sau da yawa mun ɗauka ta kusurwa daban-daban ba, ƙafa, hannu, fuska, sama, ƙasa, da me zan cike sauran? Shi ya sa na ce a yayyanka, haka ake yi a tallan kayan wasanni kuma mutane suna so.

'Yar Sinima:
Edita ka yi haƙuri amma nan ne nake ganin kun ɗauko abin ta wutsiya. Ku ba talla aka ce ku yi ba, cewa aka yi a ga mutum yana yin abin da ya ƙware a kai. Da zarar ka yanka a tsakiyar tsalle, ka nuna ƙafa a allo, ka yanka zuwa hannu, ka yanka zuwa dira, mai kallo ba shi da wata shaida cewa yaron nan ya yi abin. Ni ma da ban taɓa hawa teburi ba za ka iya haɗa min irin wannan da yanka uku. Abin da zai sa gaban mutum ya faɗi shi ne ya ga yaro ɗan 13 tun daga inda ya tsaya, ya taso a guje, ya taka, ya dafa, ya juya a iska, ya dira, duk a ɗauka ɗaya jikinsa gaba ɗaya a cikin hoto, da saurinsa na gaskiya. Wannan shot ɗin shi ne fim ɗin, sauran sakan 170 ɗin aikinsu su sa mu damu da shi kafin ya zo.

Edita:
To ai shi nake tambaya Anti, sakan 170 na me? Yaro yana tsaye?

Kawu Direba:
Ni ban san fim ba amma na kalli dambe da yawa a gida kafin in zo ƙasar nan. Turmi ɗaya wani lokaci kafin ka gyara tsayuwa an yi kisa. Amma mutane tun yamma suke cika fili, suna kallon yadda ake naɗe wa ɗan dambe hannu da zare, yadda yake zagaye, yadda yake kallon abokin karawarsa. Kafin a kai naushi ɗaya zuciyar kowa ta riga ta hau. Yaron nan ba shi da irin nasa shirin ne?

Malam Koci:
Yana da shi Kawu, har ya fi tsallen yawa. Ɗan Fim ka je ka zauna a salar rana ɗaya ba tare da kyamara ba ka kalli ƙanenka kawai. Za ka ga yana naɗe wuyan hannu da filasta, yana cizge ta da haƙori. Za ka ga ya tura hannu cikin kwanon farar hodar magniziya ya murza ya tafa, ƙura ta tashi, har tafin ƙafa wasu suke shafawa. Ka ce ya buɗe maka tafin hannunsa ka ga kanta da inda fata ta saɓule saboda sandar lilo da zobba, don yaran maza ba teburi kaɗai suke yi ba, kayan wasansu shida ne: ƙasa, doki mai mariƙa, zobba, teburin tsalle, sanduna biyu, da sandar sama. Za ka ga koci ya danna masa baya yana miƙa jijiya yaro yana cije leɓe. Za ka ga ya faɗa ramin soso ya yi ta fafutukar fitowa. Sannan kafin ya taso da gudu akwai ɗaga hannu ɗaya da ake yi wa alƙali, ko a horo ana koya musu. Duk wannan ba ya gajiyar da shi, kuna iya ɗauka sau nawa kuke so.

Abin da ba za ku samu sau nawa kuke so ba shi ne cikakken tsalle a kan katifa mai tauri. Kowace dira gwiwa da idon sawu ne suke biya, masu kyau 'yan kaɗan ne a yamma ɗaya, daga nan ƙafa ta mutu, kuma a gajiye ake jin ciwo. Ku bar koci ya faɗa muku adadin, in ya ce khalas, ya isa, to khalas, ko da hoton bai fito yadda kuke so ba.

Ɗan Fim:
Na fahimta Malam. Akwai wani da yake koyo yanzu, Tsukahara, wanda ake shiga teburi a karkace a yi alkafura ta baya, a ramin soso yana yin sa lafiya lau. Shi da kansa ya ce min yana so ya yi shi a fim ɗin a kan katifa don ya fi burgewa.

Malam Koci:
Ɗana ka ji ni da kyau. Kar ka bari. Yaro in ya ga kyamara da yayansa da babansa a tsaye zai ce zai iya komai, kai ne babba, kai za ka ce a'a. Abin da yake yi a rami bai zama nasa ba tukuna sai ranar da koci ya fito da shi katifa da kansa, a lokacin da ya ga dama, ba ranar ɗaukar fim ba. Elena Mukhina ita ce zakarar duniya a 1978, a 1980 ana saura kaɗan a fara Olamfik ta Mosko ta karya wuya a wajen horo a kan wani juyi mai haɗari bayan an matsa mata ta dawo ba ta gama warkewa daga karayar ƙafa ba, ta ƙare rayuwarta a shanye har ta rasu a 2006. Simone Biles kuma da duk duniya ta san babu kamarta, a Olamfik ta Tokiyo a 2021 ta ji ta daina gane inda jikinta yake a iska sai ta janye daga yawancin wasanninta. In mai wannan matsayi ta ja da baya, ɗan 13 ba shi da abin da zai nuna wa kowa. Ya yi wanda ya iya ko a tashe shi daga barci, ya dafa ya juya gaba ya dira, mai tsabta.

Yaya Mai Kyamara:
Kuma ta ɓangaren hoto ma mai sauƙin ya fi muku, saboda kun san inda zai dira, ba sai kuna farautarsa da kyamara ba. Ga yadda zan kafa da ni ne. Kyamara ta ɗaya a kan ƙafarta, daga gefe, nesa, ta ɗauke hanyar gudu da teburi da katifa duka, kuma ka bar sarari sosai a sama domin ƙafafunsa za su wuce inda kake zato, kowa yana yanke ƙafa a karon farko. Ka kulle fokas da hannu a kan layin gudun, kar ka bar wa otomatik, zai tsallake ya kama bango. Wannan a 24, kar a taɓa ta. Ta biyu ita ce ta sulo moshin, daga nesa da dogon lens, ta kama hannu a teburi ko ƙafa a katifa. Amma duka biyun su tsaya a ɓangare ɗaya na hanyar, in ɗaya ta tsallaka ɗaya gefen to a hoto ɗaya yaro zai gudu daga hagu zuwa dama a ɗayan kuma daga dama zuwa hagu, Edita zai sha wahala wajen haɗawa.

Edita:
Tayyib, to kenan sulo moshin bai mutu ba.

'Yar Sinima:
Bai mutu ba, amma ni da za a bi tawa a hodar hannu zan kashe shi, inda ƙura take tashi, da wataƙila yatsun ƙafa lokacin da suka kama katifa. Tsallen kansa a bar shi da saurinsa. In ka sanyaya shi sau biyar ya zama kamar yaro yana iyo a iska, tsoron ya fita, alhali abin mamakin shi ne duk wannan a cikin ƙiftawar ido yake faruwa.

Edita:
Nan kam ban gamsu ba Anti. Mai kallon da bai san jimbaz ba ba zai ma gane me ya faru ba, zai ga abu ya wuce fuu kawai. Ko a talabijin ai suna maimaitawa a hankali bayan an yi.

'Yar Sinima:
Shi ya sa za ku nuna masa gwaji tun da farko, a rami, a hankali, da hannun koci a bayansa. Kafin na ƙarshe ya zo ido ya riga ya koyi hanyar. Amma ka ɗauka duka biyun, a teburin tacewa sai ku gwada ku gani, ba sai mun gama wannan a nan ba.

Maman Yara:
Ina ta karantawa ban sa baki ba. Tambayata ɗaya, za ku nuna inda ya faɗi? Domin na ga ana ta maganar gwaji da rami. Yaro ɗan 13 yana da abokai a makaranta, kuma abu in ya hau intanet ba ya sauka. Kar a zo ana tura guntun inda ya kifa ana masa dariya.

Ɗan Fim:
Gaskiya Mama na so a ga faɗuwa ko sau ɗaya ne, don in ba a ga ya kasa ba dirar ƙarshe ba za ta yi nauyi ba.

Malam Koci:
Ba sai ya kifa ba. A wasan nan taku ɗaya bayan dira ma asara ce, ƙaramin taku ana cire 0.1, babba 0.3, faɗuwa kuma maki ɗaya cur. Tun 2006 aka bar tsarin goma cikakkiya irin wadda Nadia Comaneci ta samu a Montiriyal a 1976 tana 'yar 14, yanzu maki biyu ake haɗawa, na wahalar abin da ka yi da na tsabtar yadda ka yi shi, kuma na tsabtar daga goma ake fara zaftarewa. Saboda haka yaran nan abin da suke nema dare da rana shi ne ƙafa biyu su sauka su manne, ko motsi. Ku nuna ya dira ya ɗan taka gaba, ku nuna fuskarsa, shi ya san abin da ya rasa ko da mai kallo bai sani ba, ya koma ya sake, ya kuma takawa. Na ƙarshe ya manne. Wannan zai faru da kansa a gabanku ba sai kun ce ya yi da gangan ba, kuma dan Allah kar ku ce ya yi kuskure da gangan, a nan ake gurɗewa.

Maman Yara:
Wannan ya kwanta min. Amma duk da haka a nuna masa kafin a kai makaranta, abin da ya ce a cire a cire. Sannan sauran yaran da ke salar fa? Ba kowane uba ne yake son a ga ɗansa a bidiyo ba, kun san yadda mutanen nan suke da batun hoto.

Kawu Direba:
Abin da na so in faɗa kenan tun farko. Baki da baki bai isa ba ɗana. Ka karɓo takarda daga makarantarku mai nuna aikin karatu ne, mai salar ya sa hannu, babanku ya sa hannu, duk yaron da fuskarsa za ta fito a sami izinin waliyyinsa a rubuce, wanda ba a samu ba a jira ya fita daga hoto. Ƙasar nan ba a wasa da ɗaukar mutum ba da yardarsa ba. Kar ka ga an buɗe gidajen sinima tun 2018 ana ta bikin fina-finai a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ka ɗauka komai ya halatta.

Ɗan Fim:
Insha Allah Kawu, gobe zan nemi takardar. Saura batun kiɗa, Edita ya riga ya zaɓo wani.

Yaya Mai Kyamara:
Na waye? In na wani ne ba ku da izini to ko an yaba fim ɗin ba za ku iya tura shi wata gasa ba. Ni dai ka saurari salar tukuna. Takun ƙafa ba takalmi yana ƙara sauri, ƙarar allon nan in an taka shi kamar an buga ƙofa, tafin hannu a teburi, sai shiru, sai dira. Makirfon kan kyamara ba zai kamo wannan daga nesa ba, iskar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, kawai zai kwaso. Ku ajiye rakoda ko waya a ƙasa kusa da allo ta gefen da ba ya gani, wata kusa da katifa, ku roƙa a kashe mukayyif na 'yan mintuna lokacin babban shot in mai salar ya yarda, ku tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin kowace ɗauka don Edita ya samu inda zai daidaita.

Malam Koci:
Maza dama ba sa wasa da kiɗa, ko a wasan ƙasa mata ne kaɗai ake sa wa.

Edita:
Zan haɗa kala biyu, mai kiɗa da marar kiɗa, in turo nan ku zaɓa. Har yanzu ina ganin minti uku ba kiɗa zai yi tsawo.

Ɗan Fim:
To ga yadda na rubuta yanzu, a gyara min in da kuskure. Ranar Talata zan je da kyamarori in gwada haske in kuma zauna in kalli horon. Ranar ɗauka, bayan la'asar muna kafa kyamara yana ɗumama jiki, mu ɗauki filasta da hoda da miƙa jijiya da rami. Babban tsallen a lokacin da koci ya ce jikinsa ya yi zafi kuma bai gaji ba, kafin magariba. Bayan salla sai tafin hannu da fuska da ɗaga hannu da salar ba kowa, da sauti. Ba fitila, ba Tsukahara, ba a taɓa kayan sala.

Malam Koci:
Ka ƙara ɗaya, lokacin tsalle koci ne zai ce ya taso, ba kai ba. Kai dai ka kunna kyamara ka ɗaga masa hannu ka yi shiru.

Kawu Direba:
Wace rana ce ɗaukar? In Asabar ce ina da fasinja daga Makka da safe, zan iya biyowa in kwashe ku da kayan, amma ku gama haɗa komai kafin azahar.

Yaya Mai Kyamara:
Kawu in za ku taso ku biyo ta titin Shari'a Mansur in ba ku ƙafar kyamara ɗaya da rakoda, ina da biki da daddare amma waɗannan ba na buƙatarsu. Ɗan Fim ka sayi batir ƙanana guda huɗu, ba ta zuwa da su.